Layi Ɗaya a Takardar Yabo

Ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku. Ba ta dariya ba ce, kuma ba a bakin wani na ji ta ba. Ni Lado, shekara ashirin da shida ke nan ina gadin ƙofar makarantar makafi da ke bayan garin nan, mai shiga da mai fita duk a kan idona. In na gama ku za ku yanke hukunci, don gobe Alhamis ake son amsa, ni kuwa abin ya fi ƙarfina.

Akwai wata yarinya, Barira, 'yar ƙauyen Kwanar Marke. Ƙyanda ce ta tafi da idonta tana shekara huɗu. Ubanta Mati ba mugu ba ne, kunyar idon mutane ce ta yi masa yawa. In baƙi suka yi sallama sai a tura ta bayan rumbu. Ta kai shekara tara ba ta taɓa taka ƙofar gida ba, kuma in ka tambayi Mati 'ya'yansa nawa sai ya ce biyar, alhali shida ne.

Ta farko a labarin nan ita ce Malama Tabawa. Malamar sa-kai ce, shekara goma sha ɗaya tana koyarwa ba takardar ɗaukar aiki, kullum ta je ofis sai a ce mata ana dubawa. A bakin wata mai tallan nono ta ji labarin yarinyar, ta hau babur ɗin haya ta tafi. Mati ya tare ta a zaure ya ce, "Malama, wa ya aiko ki? Gidan nan babu makaho." Ta ce, "To, Malam Mati, wace ce nake jin tarinta a bayan rumbu?" Ya kore ta. Ta koma, ya sake korar ta. A zuwa na bakwai, cikin damina, babur ya kayar da ita a rafi, ƙugunta ya goce, har yau ɗingishi take. Da ta tashi daga jinya ta sake komawa. Ranar da Mati ya gan ta ta shigo tana dogara sanda, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗauke ta, Malama. Kin fi ni son ta." Ita ta koya wa Barira riƙe sanda, da ƙirga taku daga ɗakin kwana zuwa aji, da ɗaga kai in an kira sunanta. Ba don Tabawa ba, da yarinyar nan tana bayan rumbu har yanzu.

Na biyu shi ne Malam Gambo, wanda shi ma makaho ne. Ku da ba ku sani ba, rubutun makafi hudawa ake yi da tsinken ƙarfe a kan takarda mai kauri, ɗigo bayan ɗigo, sannan a juya ta a shafa da yatsa a karanta. Littattafan irin wannan rubutu ba a aiko mana su, sai dai alkawari. Gambo ya ga yarinyar na da kai, ya ce ba za ta zauna jiran alkawari ba. Matarsa na karanta masa littafin masu ido, shi yana hudawa. Da takarda ta ƙare ya bi shaguna yana roƙon tsofaffin kalanda. Shekara uku yana wannan aiki, har ya cika kwali bakwai, aka jera su a sito.

Sai aka ce manyan baƙi za su zo daga ma'aikatar ilimi. Shugaban makaranta, Alhaji Na'iya, ya shiga sito duba tsafta, ya ga kalandar shekarun baya duk huji, ya ce shara ce, a ƙone. Ni aka sa na kai su bola, da hannuna na ƙyasta ashana. Ban sani ba, amma rashin sanin bai taɓa sanyaya min rai ba. Washegari Gambo ya zo sito ya shafa inda aka jera su ya ji wayam. Bai yi ihu ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara nawa ke nan kana shugabancin makarantar makafi?" Alhaji ya ce takwas. Gambo ya ce, "Allah ya ƙara basira." Ya koma gida ya fara daga shafin farko, saura wata goma sha huɗu jarrabawa. Ya gama a kan kari, amma yatsunsa suka sandare, suka daina jin ɗigon. Makaho kuwa idonsa a yatsa yake, wato bawan Allahn nan sau biyu ya makance. Ba don Gambo ba, da Barira ta shiga ɗakin jarrabawa da kai fanko.

Na uku shi ne Malam Isiyaku, malamin lissafi, mai ido, mai zafin kai. Ni da shi ba ma ga-maciji, ko gaisuwar kirki ba ya yi min, amma gaskiya ɗaya ce. Ranar jarrabawar fita aka buɗe ambulan, sai ga takardar masu ido aka kawo wa Barira makauniya. Jami'in da ya kawo takardun ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kuskure ne daga sama. Sai dai ta jira baɗi." Baɗi kuwa babu, don shekarunta sun wuce na zaman makarantar, gadonta ma an riga an ba wata. Isiyaku ya fito ya fizge makulli a hannuna, ya garƙame ƙofa, ya zauna dirshan a ƙasa gaban motar jami'in. Ya ce, "Ba mai fita sai yarinyar nan ta rubuta. In kuna sauri ku bi ta kaina." Awa uku yana zaune a rana, ana ta buge-bugen waya, ana yi masa barazana, ya yi kunnen uwar shegu. A ƙarshe aka yarda a kawo wani malami daga wata makaranta ya riƙa karanta mata tambayoyin, ita tana huda amsa. Ladan da Isiyaku ya samu shi ne takardar tuhuma. Aka rage masa girma, aka wurga shi wani ƙauye can cikin daji inda babu makaho ko ɗaya da zai koyar, iyalinsa na nan shi yana can. Ba don Isiyaku ba, da wahalar Tabawa da ta Gambo duk sun bi ruwa.

Sakamako ya fito, Barira ta zo ta ɗaya a jiha, masu ido da marasa ido. Muka ji Alhaji Na'iya a rediyo yana cewa sun yi aiki tuƙuru. Na kashe rediyon don kada in yi saɓo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, makon jiya takarda ta zo daga ma'aikata. Wai an ware rana don karrama fitattun malaman ɗalibai masu buƙata ta musamman, kuma makarantarmu ta samu gurbi saboda Barira. Wanda aka zaɓa za a kira sunansa a gaban jama'a, a ba shi allon yabo, a kuma share masa hawaye a kan buƙatarsa guda. In Tabawa ce, ta samu takardar aikin da ta yi shekara goma sha ɗaya tana bi. In Gambo ne, a kai shi wurin likitan jijiya tun hannun bai gama mutuwa ba. In Isiyaku ne, a yage tuhumar a dawo da shi cikin iyalinsa. Amma a ƙasan takardar layi ɗaya ne tal, kuma an ce ɗalibar ce za ta faɗi sunan. In Alhamis ta yi ba ta faɗa ba, a sa sunan shugaban makaranta a madadin kowa.

Aka kira Barira, ina tsaye a bakin ofis aka karanta mata, don ita ma wannan takardar da rubutun masu ido aka aiko ta. Barira ta ce, "Ranka ya daɗe, layin ba zai ɗauki suna uku ba? A rubuta ƙanana mana." Alhaji ya ce, "Ke da ba kya ganin layin, ina kika san faɗinsa? Suna ɗaya aka ce. In ya yi miki wuya ki bari kawai, doka ta tanadi mafita." Yana faɗa yana wasa da murfin biro. Wallahi na so in tofa tawa, sai na tuna ni mai gadi ne.

Ta bi malamanta ɗaya bayan ɗaya. Tabawa ta ce, "Kada ki tambaye ni, 'yata. Na gaji da roƙo, ba zan ƙara da roƙon ki ba." Gambo ya ce, "Ni dai na yi don Allah. Amma ba zan yi miki ƙarya in ce ba na son hannuna ba." Isiyaku a waya ta same shi, ya ce, "Ko wa kika ga dama ki faɗa, amma kada ki kuskura ki yi shiru." Babu wanda ya ce ta faɗi ɗan'uwansa a cikinsu, ni kuwa ban ga laifinsu ba. Kowa da inda yake yi masa ciwo. Haushina yana kan waɗanda suka ja layin nan, sun san sarai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma don kada su wahalar da kansu da allo uku suka ɗora wa yarinya wannan kaya.

Yau da hantsi na ji ƙarar sandarta ta nufo bencina. Ta zauna, idon nan da ba ya gani yana ta zubar da hawaye. Ta ce, "Baba Lado, duk wanda na faɗa, na ci amanar biyu. In na yi shiru, na ci amanar uku. Wa zan ce?" Na ce ta ba ni zuwa gobe in tambayi mutane.

To, jama'a, ga ni na tambaye ku. Wadda ta fito da ita daga bayan rumbu, da wanda ya ƙarar da yatsunsa ya ba ta karatu, da wanda ya sadaukar da aikinsa ya buɗe mata ƙofar jarrabawa, wane ne a cikinsu ya fi cancanta? Sunan wa Barira za ta faɗa gobe, kuma da wane baki za ta gaida sauran biyun?