Bakin da Ya Rufu a Kan Dutse

An yi wani mutum a nan Agege, ɗan kasuwar goro. Ba zan faɗi sunansa ba, iyalinsa suna nan tare da mu. Mutum ne mai rufin asiri, har Makka ya je. A sahun gaba yake salla.

Da soja suka koma bariki, kowa ya shiga neman kujera. 'Yan goro ma suka ce za su zaɓi shugaba. Mutumin nan ya sa rai. Ya 'yan uwa, kwaɗayi mabuɗin wahala. Maimakon ya roƙi Mai bayarwa, sai ya tafi wajen boka. Kada ku ce bokan wani baƙo ne, Bahaushe ne ɗan uwanmu, da rawaninsa.

Boka ya ba shi farin goro, ya ce ya hau wani dutse can bayan Abeokuta, ya cusa shi cikin tsaga a ƙolin dutsen. Sharaɗi ɗaya ne: daga fitarsa gida har ya dawo, kada sunan Allah ya fito daga bakinsa. In ya fito, aiki ya lalace.

Ku duba fa. Bahaushe in ya yi tuntuɓe, me yake cewa? In ya yi atishawa fa? Sunan nan a kan harshenmu muka tashi da shi. Shi aka ce ya ajiye, ya kuwa yarda.

Da safe matarsa Kande ta raka shi ƙofa, ta ce, "Allah ya tsare hanya, Alhaji." Bai ce amin ba. Ta ɗauka bai ji ba, ta maimaita. Ya wuce.

Surukinsa Shitu, direban motar haya ta danfo, haihuwar unguwar Idi-Araba, shi ya kai shi. Sai a gindin dutse Alhaji ya gaya masa gaskiya. Shitu ya ce, "Haba Alhaji! Wannan ai sayar da lahira ne." Ya ce, "Tuƙi na ɗauko ka, ba wa'azi ba." Shitu ya kasa barinsa shi kaɗai, ya bi shi.

Hanyar 'yar siririya ce, a jikin dutse take, dama bango, hagu kwazazzabo. Sun yi nisa sai iska ta sauya. Shitu ya ce, "Oga, hadari fa." Alhaji ya yi dariya ya ce, "A bazara? Ko kuka ba ta yi toho ba." Shitu ya ce, "Wannan lissafin Arewa ne. Nan Kurmi ne, ruwa ba ya sallama." Bai saurara ba. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Dutsen da ke bushe ɗazu ya koma kamar an shafa masa kuɓewa. Ga babbar riga ta sha ruwa ta yi nauyi, ga takalmi sau-ciki na fata. Suna kan wani ɗan faifan dutse da bai fi faɗin tabarmar salla ba, ƙafar Alhaji ta zame. Ya tafi zai faɗa, ya kama wata saiwa da hannu ɗaya. Ɗaya hannun yana damƙe da goro.

Shitu ya kwanta rub da ciki, ya miƙa hannu, bai kai ba. Ya ga saiwa tana tsinkewa. Ya yi ta ihu, "Alhaji, ka yi kalmar shahada! Ka ce La'ilaha illallahu! Don girman Allah ka faɗa!"

Shitu ya rantse mana cewa Alhaji ya ji shi. Ya ɗago ya dube shi. Leɓensa ya motsa, sai ya cije shi. Har a wannan wuri yana tsoron kada aiki ya lalace. Yana ganin zai hau.

Saiwa ta tsinke. Ko wayyo bai ce ba.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Kun san gawa akan ɗaure mata haɓa don baki ya rufu. Wannan ba mu ɗaure ba. Haƙoransa sun shige cikin leɓe. Na wanke gawa da yawa a garin nan, ban taɓa ganin irin wannan ba sai ranar. Shitu kuwa ya bar tuƙi. Duk lokacin da hadari ya haɗo, sai ya shige masallaci ya toshe kunnuwansa.

Ban ce ga makomarsa ba, wannan na Allah ne. Amma ina tambayarku: wa ya rufe bakin nan? Ba ruwa ba ne, ba dutse ba ne. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ya ɗauka zai ajiye sunan Allah na wuni ɗaya, ya dawo ya ɗauka kamar hular da aka rataye. Wa ya ba shi tabbacin la'asar?

Ya 'yan uwa, kada ku ce ku ba ku hau dutse ba. Duk wanda ya ce bari in gama wannan harka tukun in tuba, a kan santsi yake tsaye. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya raba mu da boka da sharaɗinsa. Allah ya sake mana harshe ranar da ƙafa za ta zame, ya sa mu cika da kalma. Allah ya kiyaye mu.