Likitan da Ya Yanke Kuka

A zamanin da ba a samu magungunan taɓin hankali ba, an yi wani likitan ƙwaƙwalwa, gwani ne amma girman kai ya yi masa katutu. Ya koyi wani aiki da ake yayi a lokacin. Za a sumar da majiyyaci, a zura siririn ƙarfe ta saman gurbin ido, a juya shi dama da hagu har a yanke wasu jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa. Minti goma an gama. Mutumin da aka kawo ɗaure da igiya sai ya farka shiru kamar ruwa ya ci shi.

Ɗakin waɗanda ya yi wa aikin yana can ƙarshen baranda. Gadaje ashirin, kowanne da mutum zaune a bakinsa, hannu bisa gwiwa. Ba ka jin komai sai ƙarar fanka. Ƙuda kan sauka a leɓen mutum, ya gama yawonsa ya tashi don kansa. Nan likita yake kai baƙi, yana cewa su nuna masa asibitin da ya kai nasa kwanciyar hankali.

Wata rana babbar nas ta tuna masa telan da ke gado na shida. Ta ce da aka kawo shi yana zage-zage, amma yana saka zare a allura ido rufe. Yanzu ya daina zagi, kuma bai san mece ce allura ba. Likita ya yi dariya, ya ce asibiti ba shagon ɗinki ba ne, ta kama aikinta.

Ana nan sai 'yarsa Auta ta rasa jaririnta ɗan wata huɗu. Ta ƙi abinci, kullum tana rungume da rigunansa tana kuka, har mijinta ya dawo da ita gida ko za ta samu sauƙi. Uwarta ta roƙi likita ya ƙyale ta, ta ce kukan uwa yana da ranar tsayawa. Shi kuwa gani yake abokan aiki na gulmarsa, wai wanzami ba ya son jarfa. Da safe ya sa Auta a mota ya nufi asibiti.

Da aka kwantar da ita, ta kama hannun rigarsa ta ce, "Baba, zai yi zafi?"

Ya ce, "Daga yau ba za ki ƙara jin zafin komai ba."

Babbar nas ta ƙi miƙa masa ƙarfen. Ya ɗauka da kansa.

Auta ta daina kuka. Mako guda likita yana karɓar barka. Daga nan ya lura duk inda aka zaunar da ita nan za a dawo a same ta, ko rana ta riske ta. Mijinta ya zo, ta dube shi kamar bango. Ranar da uwarta ta rasu gida ya kaure da koke-koke, Auta tana zaune kusa da gawar tana murmushi.

Shekaru suka shuɗe. Magunguna suka fito, aka haramta aikin, aka rufe ɗakin da kwaɗo. Likita ya tsufa, daga shi sai Auta a gidan, yana ba ta abinci da cokali.

Wata la'asar yana goge mata baki, ta ɗago ido ta ce, "Baba, da akwai wani da nake yi wa kuka. Wane ne?"

Hawaye suka zubo masa har gemu. Ta bi su da kallo har suka ɗiga a ƙasa, sannan ta tambaye shi ko abincin ya ƙare.

Ilimi amana ne, kuma jikin ɗan Adam ba wurin gwajin gwaninta ba ne. Duk wanda ya raina shawarar na ƙasa da shi, ya ɗauki shirun mutane a matsayin lafiyarsu, zai yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Akwai ciwon da haƙuri ne maganinsa. Mai hannu a kan rayuwar mutane ya dinga tambayar kansa, kafin ya yanka, ko zai iya mayar da abin da ya cire.