Ɓarin Goron Tanimu

An ce wai a wani gari an yi wani alƙali mai suna Haladu, wanda ba ya yanke hukunci sai ya ji ƙarshen zance. A garin akwai wani attajiri mai fataucin gishiri, Ilyasu, da maƙwabcinsa Tanimu marini. Daga rijiyar Ilyasu Tanimu yake ɗibar ruwan rini.

Da matar Tanimu ta haifi ɗa namiji, ya raba goron suna. Kowa ya sami guda cur, Ilyasu kuwa aka kai masa ɓari. Ransa ya ɓaci, ya garƙame rijiya, ya ce wanda ya raina shi ba zai ƙara ɗibar ko ɗigo ba. Tanimu ya je ba da haƙuri, aka ƙi fitowa. Rini ya tsaya, ga kayan mutane jibge, ga suna ya matso. Sai ya kai kuka wurin alƙali.

Ilyasu ya zo da ɓarin goron, ya ajiye a gaban alƙali, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, har mai tallan gyaɗa an ba ta guda. Ni ne na ɓari? Shuni ya bar hannunsa ya hau idonsa."

Alƙali ya ɗauki goron ya juya, ya tambayi Tanimu ina ɗaya ɓarin. Tanimu ya sunkuyar da kai, ya ce shi ya ci. A gidansu tun kakanni, wanda za a yi wa takwara ba a aika masa goron baƙi. Uba ne ke fasa goro, ya ci rabi, ya aika masa rabi.

Ilyasu ya ja tsaki, ya ce wannan zancen mai neman ruwa ne.

Alƙali ya ce, "To, Ilyasu, ba za a tilasta maka ba. Tanimu, ba shi goro guda kamar kowa, ya zauna tabarmar baƙi kamar kowa. Yaro kuwa a sa masa Haladu. Ni ɓarin ya ishe ni."

Ya ɗaga goron zai kai baki. Ilyasu ya yi wuf ya riƙe masa hannun riga.

"Malam, ai goron nawa ne."

Kafin la'asar an buɗe rijiya, ranar suna kuma aka raɗa wa yaro Ilyasu.

Shi ya sa masu hikima suka ce, kafin ka kira ɓari raini, tambayi wanda ya ci ɗaya ɓarin.