Maigidan da Aka Ce wa "Ba Gajiya"

Akwai wani mutum, maigida ne mai babban gandu. Shi da ƙanensa Irimiya da iyalansu duka gona ɗaya suke nomawa, tukunya ɗaya suke ci. Mutumin ba mugu ba ne, ba ya zagi, ba ya hana kowa tuwo. Abu ɗaya ne ya cika masa ido, wato rumbu. In kaka ta yi, aka rasa inda za a zuba dawa sai an gina sabo, to, a wurinsa gida ya ci gaba ke nan, magana ta ƙare.

Domin rumbunan su ƙaru, sai ya shiga taɓa abubuwa kaɗan-kaɗan. Da can kowane magidanci a gidan yana da gayaunarsa, wato ɗan filin da yake noma wa kansa da yamma in an tashi daga gandu. Maigida ya ce a bar gayauna tukuna, yamma ma a ba gandu. Rijiyar gida ta rufta, ya ce a bari sai rani. Da rani ya zo, aka tafi sharar sabuwar gona can bayan dutse, mata kuwa suka koma ɗebo ruwa a kududdufi. Rumbuna suka yi ta ƙaruwa, har masu wucewa sukan tsaya su ce, "Kai, gidan nan akwai albarka!"

Kada ku ce bai kula da mutanensa ba. Kowace safiya yakan zaga ƙofa-ƙofa yana gaisuwa. In ya ce, "Kun kwana lafiya?" sai a ce, "Lafiya lau." In ya ce, "Ina gajiya?" sai a ce, "Ba gajiya." Sai ya yi gaba yana murna a ransa: ga hatsi, ga lafiya, ga mutanen da ko gajiya ba sa yi.

Ana nan, wata shekara aka sami amfanin gona irin wanda ba a taɓa gani ba. Ran da aka rufe bakin sabon rumbu, Irimiya ya zo ya durƙusa, ya ce, "Yaya, ina so ka sallame ni. Zan fita daga gandu, in koma garin surukaina da iyalina."

Maganar ta bugi maigida ƙwarai, gama tun rasuwar mahaifinsu ba su taɓa raba tukunya ba, yana kuwa ƙaunar ƙanen nan nasa. Ya ce, "Me ka rasa? Wane gida ne ya kai mu a garin nan?"

Irimiya ya ce, "Ba wanda ya kai mu hatsi, Yaya."

"To, mene ne? Kullum ina ce maka ina gajiya, kana cewa ba gajiya. Ina ce maka yaya iyali, kana cewa lafiya lau. Ashe ƙarya kake yi mini?"

"Ba ƙarya ba ce, Yaya. Gaishe ni ka yi, na amsa. Wa ka taɓa ji ya amsa gaisuwa da 'na gaji'? Ko wanda yake kwance ba ya iya ɗaga kai, ka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce. Kai kuwa a tsaye kake gaisuwa. Kafin in rufe baki ka kai ƙofar gaba."

Maigida ya jawo tabarma ya zauna, ya ce, "Ga ni na zauna. Faɗa mini."

Sai Irimiya ya faɗa masa. Tun damina 'yarsa Tabita take fama da ciwon ciki saboda ruwan kududdufi, shi kuwa ba shi da ko damin gyaɗa da zai ce nasa ne, ya sayar ya kai ta asibiti. Bai san fuskar 'ya'yansa da rana ba. Ran Lahadi ma, in ya zauna a majami'a, barci yake yi tun kafin a gama waƙar farko.

Maigida ya tashi ya shiga ɗakin da Tabita take kwance. Da ya ɗauki yarinyar, sai ya ji ta sakayau kamar ƙwaryar da ba kome a ciki. Kunya ta kama shi, ya yi kuka.

Ya buɗe rumbu, aka sayar da dawa, aka kai ta asibiti. Aka haƙa rijiya, kowa ya koma gayaunarsa, gonar bayan dutse kuwa aka bar ta ta huta. Da kaka ta zagayo ba a gina sabon rumbu ba, mutanen gari suka ce, "Gidan nan ya fara ja da baya." Maigida ya ji zafin maganar, gama mutum ne. Amma ƙanensa yana nan, yarinyar kuma ta miƙe.

Ma'anar wannan misali ita ce: gandun nan ƙasarmu ce, gidajenmu ne kuma. Rumbuna su ne dukiyar da akan ce ta ƙaru, har a yi shela a rediyo. Rumbu ba abin raini ba ne, ai daga cikinsa aka yi wa Tabita magani. Amma rumbu ba zai gaya maka irin ruwan da yara suke sha ba, ko wane uba ne ya gaji har yana shirin barin gida. Mu kuwa mutane ne masu kunya da kawaici, ana iya mulkinmu shekara da shekaru muna cewa lafiya lau. Allah bai ba shugaba mutane domin su cika masa rumbu ba. Amana ya ba shi, a kan mutanen kuma zai tambaye shi.

Kada ku tsaya kuna hangen masu mulki kawai. Kai maigida, ke uwargida, kai dattijon ikkilisiya, akwai wanda ya daɗe yana amsa gaisuwarka, yana haɗa kayansa a zuci. Yau in an tashi sujada, nemi wuri ka zauna kusa da shi, ka bar shi ya gama magana, tun bai zo neman sallama ba.