Awaki Bakwai Masu Hujin Kunne

An yi wani mutum a ƙasar Tasawa wanda garkensa ya ƙare kafin wata ya cika. Awaki da tumaki sun haura sittin a ciki. Da annoba ta wuce, bakwai suka rage a tsaye, kuma bakwai ɗin nan ba nasa ba ne. Na marayu ne.

Abin ya faru bara waccan, da bazara, a wani gari na yankin Urafane. Ba za a faɗi sunan garin ba, ba kuma za a faɗi na mutumin ba, don yana raye kuma yana da 'ya'ya. Dillalin dabbobi ne. Idan ya buɗe bakin akuya ya dubi haƙori, ba ya kuskuren shekarunta. Mutane daga Hawandawaki har Sarkin Hausa suna kawo masa ragunansu ya yi musu kiwon layya. Sahun gaba yake salla. Abu ɗaya aka san shi da shi: duk shekarar da masu allurar dabbobi suka zo, sai ya sa a kora garkensa daji. Yakan ce tsagar da suke yi a kunne tana rage wa rago daraja a idon mai saye.

A garin akwai ƙungiyar mata, shugabarta Inna Asiya, tsohuwar ungozoma. Shekara biyar ke nan suna aiki da wata ƙungiyar agaji da ke kawo jajayen awaki na Maraɗi. Tsarin ba baƙo ba ne. Daga makiyaya aka aro shi, su suke kiransa habbanaye: a ba ka dabba ta haihu a hannunka, ka amfana, alherin ya wuce ga wani. Matan sun yi masa gyara guda. Akuya ba ta uba ba ce, ba ta uwa ba ce, da sunan yaro ake ɗaure ta, maraya ko wanda aka sallamo daga likita bayan tamowa. Nonon nasa ne. 'Yar akuyar farko idan ta girma, uwar yaron ce za ta ja ta da hannunta zuwa gidan yaro na gaba.

Babu mai albashi a cikinsu. Inna Asiya da ƙafa take zagaya gidaje cikin rairayi, ta dubi yaro, ta dubi akuya, ta dubi ƙwaryar da ake tatsa a ciki ko an wanke ta. An taɓa samun uban da ya kwance akuyar ɗiyarsa zai kai kasuwa. Ta bi shi har bakin gari, ta riƙe igiyar, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma saki ba, har kunya ta mai da shi gida.

A wannan bazarar aka kawo awaki goma sha biyu, dukansu da ciki. Likitan dabbobi, wani mai suna Muddassir, ya yi musu allura, ya maƙala wa kowace alamar roba mai ruwan ɗorawa a kunne. Matan suka yi ta dariya, suna cewa awaki sun samu 'yan kunne, su mazansu sun kasa saya musu. Muddassir ya ce a ajiye su wuri guda na 'yan kwanaki a ga lafiyarsu kafin a raba. Garin kuwa babu wuri mai inuwa da ruwa kamar na dillalin.

Dillalin ne ya fara magana.

"Inna, ku bar su nan wurina. Ladar maraya ai ba a bari ta wuce ƙohwar gida."

"Allah shi biya ka, Malam," in ji Inna Asiya.

Da gaske yake a ranar. Wannan ya kamata a faɗa, ya 'yan uwa, don da yawa daga cikinmu da niyya mai kyau muke karɓar amana.

Amma dillali ne, kuma kullum da safe yana ganinsu. Yana ganin faɗin ƙugu da cikar hantsa. Ya san wadda za ta haifi biyu. Shekara ashirin yana cikin kasuwa, irin waɗannan ba su taɓa taruwa a hannunsa lokaci guda ba. Sai zuciya ta fara yi masa lissafi. Jar akuya ai jar akuya ce. Matan nan sau ɗaya suka gan su, daga nesa. Yaro nono yake so, ba asali ba.

Ran kasuwar Urafane ya ga wani baƙo da jajayen awaki, yana sayarwa da sauri, ba ya jayayya a ciniki. Dillalin ya duba hancin ɗaya ya ga danshi. Ya duba idon wata ya ga kwantsa. Ya san abin da yake gani, ba wanda ya fi shi sani a kasuwar. Ya ce a ransa ai ba za su daɗe a wurinsa ba, jibi za a raba. Ya sayi bakwai, ya ɗora a amalanke.

Da tsakar rana, gari duk yana kasuwa, ya sa awartaki ya ɓalle alamun daga kunnen bakwai mafi kyau cikin na marayu. Ya huda kunnen sababbin ya ɗaura musu da siririyar waya ta baya. Ya ba su dusa da ruwan kanwa har cikinsu ya tashi kamar na masu ciki. Na marayun kuwa ya kora su cikin garkensa. Kwana biyu dabbobin suna shan ruwa a kwami ɗaya.

Ranar rabo, Inna Asiya ta tsaya a kan guda ta ce, "Malam, wagga kamar ba ta da kuzari."

"Baƙunta ce, Inna. Ke ma in an kai ki garin da ba ki sani ba, haka za ki yi."

Aka yi dariya. Ta yarda, domin ba ta da dalilin ƙin yarda.

Akuyar nan ita ta faɗa wa Lamine, yaro ɗan shekara biyu. Ubansa ya rasu a wurin cin rani. Uwarsa Zubaida ba ta daɗe da dawowa da shi daga likitar Tasawa ba, inda aka yi jinyarsa har ya fara zama da kansa. An gaya mata abin da zai riƙe shi: nono kullum, a dafa, a zuba a kunu. Ta gyara turke a gindin bishiyar bedi, ta sa wa akuyar suna, ta zauna jiran haihuwa.

Akuyar ba ta haihu ba. Majina ta toshe mata hanci, baki ya yi gyambo, zawo ya biyo baya. Ta mutu a turken. A cikin makon sauran shida suka bi ta, gida bayan gida.

Matan ba su tsaya neman mai laifi ba, domin yara bakwai ba za su jira ba. Inna Asiya ta ɗauki ƙwarya. Duk gidan da akuyar ƙungiya take da nono, ludayi guda za a rage daga rabon yaron gidan. Ba wadda ta hana. Wata ma ta ce, "Inna, ƙara biyu, nawa ya yi ƙiba har ya hi ubanshi." Da hantsi take gama zagaye, ta dafa, ta raba gida bakwai. Duk da haka Lamine ya sake zubewa. Ƙafafunsa suka kumbura, aka sake ɗora shi a moto zuwa Tasawa.

Dillalin ya ga wucewarsu. Yana zaune a ƙofar gida, ya ɗaga hannu ya ce Allah ya sawwaƙe. A lokacin tunkiya biyu sun riga sun kwanta a garkensa.

Ya yi duk abin da ya sani. Ya jiƙa saiwa, ya yi hayaƙi, ya sayo ƙwayoyi a kasuwa, ya raba masu tari da masu lafiya. Ciwon ya riga shi. Garken da bai taɓa ganin allura ba ya zama kamar busasshiyar ciyawa a gaban wuta. Kullum da safe ana jan gawa a kai bayan gari. Ragunan layya na mutane suka tafi, nasa suka tafi, har da na maƙwabta uku da suke kiwo tare da shi. Bai kira likitan dabbobi ba. Ya san me likitan zai gani.

Mai gari ne ya kira likitan. Muddassir ya zo, Inna Asiya tana biye, da masu raguna, da 'yan kallo. Suka shiga garke. Fili ne fetal, sai turaku da igiyoyi. A ƙarƙashin rumfa jajayen awaki bakwai suna tuƙa, sumul, ko tari babu. Ɗaya har ta haifi biyu.

Muddassir ya yi mamaki, don ya san garken nan ba a yi masa allura. Ya kama kunnen ta farko. Huji. Ya kama na ta biyu. Huji, daidai inda yake maƙala alama. Haka ya bi su har ya gama bakwai ɗin. Sannan ya dubi Inna Asiya, ita kuma ta dubi mutumin.

"Malam," ta ce, "wace ce ta Lamine a ciki?"

Ba ta jira amsa ba. Ta kwance igiyoyin da kanta, matan suka ja awakin zuwa gidajen da aka nufa da su tun farko.

Ba a kai shi wurin jandarmomi, jami'an tsaro, ba. Mai gari ya yanke ya biya masu raguna da maƙwabta, ya sayar da gonar gado da amalanke ya biya. Amma dillali jarinsa yarda ce. Ya koma kasuwa, ya tsaya inda ya saba tsayawa, mutane suna wucewa da dabbobinsu suna gaishe shi, ba mai miƙa masa igiya. Ya gwada kasuwar Mayahi, labari ya riga shi isa. A yau ɗan ƙwadago ne a gonar da take tasa a da.

Ya 'yan uwa, wa ya kawo ciwon nan garkensa? Maƙiyi ne? Shi ya saye shi da hannunsa, ya yi masa amalanke, ya shayar da shi a kwaminsa. An karantar da mu tun muna yara cewa mai cin dukiyar maraya wuta yake zubawa a cikinsa. Muna ɗauka sai lahira. Wani lokaci tun a nan take kamawa. Kuma ku lura da shaidun da Allah ya tsayar: abin da ya sace shi ne kaɗai abin da bai mutu ba.

Lamine ya rayu. Ya dawo ya tarar da akuyarsa tana da nono. Bayan shekara 'yar akuyar ta isa miƙawa, matan suka zauna su ga yaron da ya fi bukata. Inna Asiya ta ambaci suna: Shamsiyya, ƙaramar ɗiyar dillalin. Gidan da a da ake zubar da nono don ya yi tsami, yanzu hannun yarinyar ya zama kamar sillen kara.

Zubaida ta ce, "Inna, ki aiki wata. Ni ba ni zuwa gidan nan."

"Ba wurinshi za ki ba."

"Ɗana ya kusa mutuwa."

"Na sani, ni na goya miki shi zuwa bakin hanya. To ita Shamsiyya mi ta ɓalle a kunnen wa?"

Zubaida ta tashi ta tafi gida. Ba a matsa mata ba. Da safe aka gan ta tana jan 'yar akuya, Lamine yana riƙe da zanenta. Ta yi sallama, Binta matar gidan ta fito, ta sa mata igiya a hannu ta ce, "Ta Shamsiyya ce. A dafa nonon kafin a ba ta." Mutumin yana zaune a zaure. Ta wuce ta gabansa sau biyu, shiga da fita, ba ta dube shi ba.

Wannan shi ne darasin, kuma kashi biyu ne. Wanda aka damƙa wa abin yara, ko akuya ce, ko buhun hatsi, ko magani, ya sani ba ga ƙungiya ya karɓi amana ba, ga wanda ba ya iya magana ya karɓa, kuma mai tsaya wa wannan ba ya barci. Wanda kuma yake neman abin koyi, ga shi a hannun matan da ba su da komai sai ludayin nono, suka ƙi ɗora wa yarinya laifin ubanta.

Sauran abu guda. Haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, sai mai shi ya yafe. Liman ya gaya masa haka. An ce ya taɓa zuwa har ƙofar gidan Zubaida ya tsaya, ya juya. Har yau bai shiga ba, ita ma ba ta faɗa wa kowa abin da za ta ce masa ba.

Allah ya kiyaye mu da taɓa abin maraya, ya ba mu ikon neman gafara tun masu haƙƙi suna jin muryarmu.