Ranar da Aka Ƙwace Kwandon Tahani

Akwai wata tela a Iskandariya mai suna Tahani, gwanar ɗinkin rigunan amare. Ku karanta labarin nan har ƙarshe, don ni kaina sai da ya tashe ni daga kan kujera!

Tahani a hawa na shida take zaune, nan kekenta yake, nan duniyarta take. Kamar kowa a layinsu, tana da kwando mai igiya a baranda. Burodi, wake, tumatir, har zare da allura, sai dai ta leƙo ta ƙwala wa mai shago kira, ta zura kwando, ta janyo. Takan yi sati biyu ƙafarta ba ta taɓa titi ba, kuma har alfahari take da hakan.

Maƙwabciyarta Umm Ramzi kuwa, tsohuwa mai shekara sittin da takwas, kullum da safe sai ta tafi tattaki bakin teku.

"Tahani, fito mu je ki motsa jini!"

"Haba Mama, wannan ai sai marasa aikin yi. Amare bakwai ke jirana. Ki gaishe min da kifaye!"

Ana nan, sai ƙodojin ƙanenta Midhat suka daina aiki. Sau uku a mako ake kai shi wankin ƙoda, saurayi ya rame ya lalace. Tahani ita ta goya shi yana jariri, don haka ko shawara ba ta tsaya yi ba, ta ce ƙodarta ɗaya za ta ba shi.

Aka yi gwaji. Likita ya ce, "Jininku ya dace. Amma ƙiba ta yi miki yawa, hawan jini kuma na neman kama ki. A haka ba zan taɓa ki ba. Ki je ki motsa jiki, ki gyara cin abinci, ki dawo bayan wata huɗu."

"Likita, wallahi ba ni da lokaci!"

"Shi ma Midhat ba shi da shi," in ji likita.

Maganar nan ta soke ta. Kunya da tsoro suka rufe ta, ta wuce wurin Umm Ramzi tana kuka. Tsohuwa ko rarrashinta ba ta yi ba.

"Sau nawa kwandon nan yake sauka a rana?"

"Kamar sau takwas."

Umm Ramzi ta wuce gidan Tahani, ta shiga baranda, ta kwance igiya, ta rungume kwando. "Lokacin da kike nema, ga shi nan a hannuna. Daga yau mai son burodi ya sauka da ƙafarsa."

Washegari Tahani ta sauko. Baba Gabir mai shago yana ganinta ya hau tafi.

"Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Ashe Tahani tana da ƙafafu! Ni na ɗauka murya ce kawai da igiya!"

"Ba ni burodina, tsoho mai surutu!"

Wajen hawa ne ta raina kanta. A hawa na uku ta zube tana haki, gumi sharkaf, kuma a nan ta tuna ta manta zare.

Sati na farko azaba ce zalla. Sati na biyu ta fara kai wa amare rigunansu da ƙafa maimakon ta aika. Sati na uku, ana idar da sallar asuba take bin Umm Ramzi bakin teku na rabin awa, tsohuwa a gaba, ita a baya tana mita.

Ba ta sha da daɗi ba. Wata uwar amarya ta ce aiki ya yi jinkiri, ta kwashe yadinta ta kai wani wuri. Ranar Tahani ta buga ƙofar Umm Ramzi a fusace.

"Mama, ba ni kwandona, na gaji!"

"Ayya 'yata, kin makara. Na shuka na'ana'a a ciki, har ta tsiro."

Dole ta yi dariya, ta sake ɗaura takalminta.

Kafin wata uku, hawa shida a tashi ɗaya take haye su! Ciwon bayan da ya addabe ta ya ɓace, ɗinki ma ya fi sauri. Yanzu tsohuwa ce ke cewa a jira ta.

Ranar da wata huɗu ya cika, likita ya duba takardu ya sake dubawa, sannan ya yi murmushi. "Ranar Talata za mu yi aiki."

Tahani ta rangaɗa guɗar da sai da ma'aikata suka leƙo!

Aiki ya yi kyau. Bayan kwanaki ta lallaba ɗakin Midhat, ta tarar da shi riƙe da kofin ruwa cike taf, yana kallonsa. Tun da ciwon ya kama shi, ruwa da awo ake ba shi.

"Yaya, wai sun ce in sha duka."

"To me kake jira? Sha mana!"

Ya kafa kai ya shanye, ya miƙa kofin a ƙaro, hawaye na zuba a fuskarsa.

Darasi: Kada ka ce ba ka da lokacin motsa jiki, yana nan ɓoye cikin hidimominka na kullum. Lafiyarka ba taka kaɗai ba ce, wata rana wani naka zai buƙace ta. Tura wa wanda kullum yake cewa aiki ya yi masa yawa!