Hoton Idirisu da Rana ta Cinye

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Zangon Kumasi, wajen shekarar 1922, ana ce masa Seini. Hannunsa da sauri, bakinsa kuwa ya fi hannun sauri. Akwatin hotonsa irin mai ƙafa uku ne da baƙin mayafi. Ya gaje shi daga maigidansa, Baba Sumana, wanda ganinsa ya yi rauni har ya ajiye aiki.

Akwatin yana da gilashi biyu masu bakin tagulla da ake ɗaurawa a gaba, suna ce musu ido. Babban na fuskar mutum ɗaya ne, ƙaramin na taro.

Baba Sumana yana da doka, kullum sai ya maimaita ta: "In za ka canza ido, shiga inuwa. Wanda ka cire, rufe shi, sa shi a jakarsa, kana ka taɓa ɗayan. Kada ka bar shi yana kallon rana, Seini. Abin nan yana tara wuta."

Seini sai ya yi dariya. "Baba, shekara nawa ina canzawa a tsaye? Ba abin da ya taɓa faruwa koraa, ko sau ɗaya."

Tsohon sai ya sake maimaita dokar.

Wata rana Mma Mamuna, mai sayar da koko, ta shigo gidan. Mijinta Idirisu soja ne, an kwashe su daga bariki zuwa yaƙin Jamus a gabashin Afirka, bai dawo ba. Babu gawa, babu kabari. Amma kafin ya tafi Baba Sumana ya ɗauke shi hoto, kuma farantin gilashin da hoton ke jiki yana nan a ajiye, shi kaɗai ne a duniya.

Ta ce, "Baba, me pa wo kyɛw, don Allah a fitar mini da shi a takarda. Fuskarsa ta fara ɓace mini. Jiya na rufe ido na neme ta, ban samu ba."

Baba Sumana ya lalubo farantin daga cikin tsumma, ya miƙa wa Seini da hannu biyu. "Amana ce."

A zamanin, rana ce ke fitar da hoto. Seini ya haɗa farantin da takarda a cikin wani firam na katako, ya shimfiɗa baƙin mayafi a kan benci a tsakar gida, ya ɗora. Ya ce mata ta dawo bayan azahar.

Tana fita sai ga fataken goro su goma sha biyu, za su tashi zuwa arewa, suna son hoton taro a ƙofar gida. Madugunsu ya ce, "An ce mana kai ne mai sauri sosai paa. Jakunanmu na jira."

Nan kan Seini ya kumbura. A tsaye, a tsakiyar rana, ya murɗe babban idon ya cire. Jakar idon tana ɗaki, taku biyar kacal. Sai ya jingina shi a gefen katakon, a kan bencin, ba murfi. Ya ɗaura ƙaramin, ya yafa rigarsa a madadin mayafi, ya fice.

Gidan ya yi tsit. Rana ta ratsa gilashin idon, ta taru wuri ɗaya a kan baƙin mayafin, ɗan ɗigo fari kamar ƙwayar gero. Ɗigon ya yi ja. Wani siririn hayaƙi ya miƙe.

Baba Sumana ne ya fara jin ƙauri daga cikin ɗaki. Ya fito yana lalube yana kira, "Seini! Seini! Ina ka ajiye idon?"

Seini na waje yana gyara wa madugu zaman rawani. Kafin ya shigo, mayafin ya kama, katakon ya kama. Ya fizgo tulu ya sheƙa ruwa. Ruwan sanyi na taɓa farantin mai zafi, sai suka ji ƙas!

Bayan azahar Mma Mamuna ta dawo, ta ci ado da zanenta na Salla. Ta ga bencin. Ta ga Seini a tsugune gaban toka. Ta durƙusa ta tona tokar da yatsa, ta ɗago guntun gilashi ɗaya, ta ɗaga shi sama. Ba abin da ya rage a jiki sai ƙafafun Idirisu.

Wallahi da ta yi zagi da ya fi sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ƙulle guntun a bakin zanenta, ta dubi Seini.

"Shekara biyar ana ce mini ya mutu, ban yarda ba," in ji ta. "Yau na yarda."

Darasi: Dokar da magabata suka kafa a sana'a, wani ne ya yi kuka kafin a kafa ta. Kada sauri da son yabo su hana ka taku biyar, domin sau da yawa abin da gangancinka zai ƙona ba naka ba ne. Ku tura wa duk wanda ake damƙa wa amanar mutane a hannu.